Saura Fitila Ɗaya, Baba Mai Dalma

Shekara arba'in da biyu, kafin masu shara su gama da layin 'yan kayan lantarki, Baba Mai Dalma ya riga ya buɗe shagonsa. Na ce shago ne don girmamawa kawai. In mutum biyu suka shiga, na uku sai dai ya tsaya a rana. Abu na farko, yakan jona ƙarfen liƙi a wuta, ya jingina shi a kan wani tsohon faranti da ya sha ƙuna har ya koma baƙi. Kafin ƙarfen ya yi zafi, sai ya sauko da gwangwanayensa daga kanta, ya jera a bakin tebur: na madara, na tumatir, na kifi, na man shafawa. Babu rubutu a jikin ko ɗaya, amma ka tambaye shi abu, hannunsa zai tafi kai tsaye ba tare da ya duba ba. Daga nan sai ya goge tabarau da bakin riga, ya kai ƙarfen kusa da kumatu ya ji zafinsa, ya ce, "To, a shigo da marasa lafiya."

Teburina yana kallon nasa. Ni ɗan kasuwa ne, tocila nake sayarwa, da caja, da ƙananan rediyo, da fitilu masu caji. Ban yi karatu mai nisa ba, kuma ban iya yabon mutum ba, matata shaida ce. Amma makon jiya Baba ya rufe shagon nan rufewar ƙarshe. Ido ya yi yana, hannu ya fara rawa, babbar 'yarsa ta ce ya isa haka. Ba wanda ya kafa rumfa, ba wanda ya ba shi takardar yabo. Shi ya sa na ce bari ni in faɗi abin da na gani, tun yana raye yana iya musa mini.

Na fara ganinsa ina saurayi. A lokacin rediyo kaya ne. Akwatin katako, mai nauyi, mai ƙyallen zare a gaban lasifika. In ya lalace, maigida da kansa yake rungumo shi a naɗe cikin zane, kamar an kawo yaro asibiti. Baba zai kwance bayan, ya hure ƙura, ya tsaya yana kallo. Ƙamshin dalma ya tashi. Can sai ka ji ƙara, sai shuuu, sai muryar mai labarai ta fito tangararan. Mutanen da suka taru a bakin ƙofa su yi ta murmushi kamar su suka yi aikin. Har yau in na ji ƙamshin dalma, wannan lokacin nake tunawa.

Baba bai taɓa sayen sabon kayan gyara ba sai dole. Duk ranar da ciniki ya yi sanyi, yakan tare 'yan gwangwan, ya sayi matattun rediyo da talabijin da aka zubar. Ya zauna ya ciro 'yan ƙwayoyin da ke jikin allonsu ɗaya-ɗaya, ya gwada kowace a mita. Mai rai ta shiga gwangwani. Matacciya kuwa sai ya sa filaya ya murƙushe ta kafin ya jefa a buhun shara.

Wata rana mai shayin kusa da mu ya ce, "Baba, abin da ya mutu kuma me ya yi maka kake ƙara kashe shi?"

Baba ya ce, "In ban murƙushe ta ba, 'yan gwangwan za su saya a kan sikeli. Daga hannunsu ta shiga kwantena, ta haye teku. Can akwai masu zama kamar yadda nake zaunen nan, suna ciro ƙwayoyi. Su wanke, su kankare tsohon rubutu, su buga sabo. Bayan shekara ta dawo mini cikin sabuwar riga tana yi mini sallama. Ni kuwa ba na son gawa ta gaishe ni sau biyu."

Mai shayi ya ce, "To ai sana'arku ɗaya da su."

"Ɗaya ce. Sai dai ni ina gwadawa, kuma ina faɗa wa mai kaya cewa tsohuwa na saka masa."

Haka yake. Wani mai babur ya taɓa kawo abin cajin waya na tafi-da-gidanka, yana alfahari da nauyinsa, wai ya same shi da araha amma ba ya daɗewa. Baba ya buɗe. Batir shida ne a ciki, biyu na gaske, huɗu kuma kwanso ne. Ya fasa ɗaya, yashi ya zubo a kan tebur. Ya tattara yashin a takarda ya miƙa masa, ya ce, "Riƙe. Fili ka saya, saura gini." Mutumin bai san lokacin da ya fashe da dariya ba, ga ɓacin rai ga dariya. Wani kuma zai kawo talabijin a kan amalanke, ya shirya jin babban kuɗi, Baba ya duba ya ce, "Ɓera ne ya ci wayar nan. Na ɗaure. Je ka nemi kyanwa."

Ni kuwa, tun da na kafa tebur, Sarkin Araha yake kirana. Ban damu ba, don sunan yana kawo ciniki. Abin da ke ba ni haushi shi ne ɗabi'arsa ta buɗe kaya. Duk sabon abin da ya shigo layinmu, sai ya tsallako da sukudirebarsa a aljihu, ya ce a ba shi ɗaya ya ga cikinsa. Mu 'yan kasuwa ba ma buɗe kaya. Muna duba kwali, mu danna mu ga ya kama, mu tambayi farashi. Abin da ke ciki tsakanin mai saye ne da Allahnsa. Haka muka taso muka tarar.

Shekara goma sha ɗaya da ta wuce, wani dila ya kawo mini fitilu masu caji guda ɗari uku. Koraye ne, masu hannu a sama, da zanen rana a gaba. Haske kamar me. Farashin kuwa, da ya faɗa sai da na sa ya maimaita. Na kwashe duk jarina na zuba, na ɗauke su gaba ɗaya don kada maƙwabta su samu. Ina cikin jera su sai ga Baba.

"Sarkin Araha, an yi sabuwar amarya ke nan. Kawo ɗaya."

Na ba shi ina cika baki. Ya ɗaga ta a tafin hannu, ya jinjina. Ya kwance sukuru huɗu. Abu na farko da ya faɗo shi ne guntun ƙarfe da aka manna da gam a gindinta.

Na ce, "Wannan na mene ne?"

"Na hannunka ne. Don ka ji nauyi ka ce mai kyau ce."

Ya ciro maganaɗisun tsohuwar lasifika daga aljihu, ya fere wayar cajin, ya kai kusa. Sai wayar ta yi tsalle ta manne.

"Jan ƙarfe na gaske ba ya bin maganaɗisu. Wannan baƙin ƙarfe ne aka shafa wa ja. In wuta ta bi ta cikinsa zafi yake yi."

Na ce, "Baba, kai dai ba ka son araha. Komai sai irin na zamaninku, wanda sai an sayar da akuya."

Ya zauna a kan bencina ba tare da na ce ya zauna ba. Ya ce, "Saurara, in gaya maka abin da kake sayarwa, tunda ba ka sani ba. Araha iri biyu ce. Akwai ta yawa. Kamfani ya ƙera abu dubu sau dubu, inji ke yi ba hannu ba, ya sayi ƙwayoyi buhu-buhu, ƙwaya ɗaya ƙarama ta yi aikin da guda ɗari suke yi a rediyon ubanka. Dole ya yi sauƙi. Wannan ba ni da faɗa da ita. Ita ta sa mai wankin takalmi ma yake da rediyo yau. Sai kuma araha ta ragi. Babban kamfani ya gwada kayansa, waɗanda suka faɗi ya ware, wani ya zo ya saye su a kan sikeli. Wani ya kawo na bola da aka wanke. A haɗa a wani ɗaki. Sannan a zauna a duba me za a cire wanda mai saye ba zai gane ba sai ya kai gida."

Ya juya ɗan allon da ke cikin fitilar, ya nuna mini da tsinin sukudireba. "Dubi nan. Ka ga zanen fari, da huda biyu? Gidan fis ne, abin da ke tsinkewa ya yanke wuta in ta yi yawa. Ina fis ɗin? Babu. Sun ɗora guntuwar waya a wurin. Dubi nan kuma, wani gidan babu kowa, na ƙwayar da ke rage wa wuta ƙarfi. Wanda ya zana allon nan ya san aikinsa. Wanda ya haɗa shi ne ya yi rowa. Abu biyu da kuɗinsu bai kai na ashana ba. Amma in ka cire su a fitila dubu ɗari, ka ga an samu na mota."

Na ce, "Amma ai tana kamawa."

"Tana kamawa. Ranar da aka kawo wuta da ƙarfi ma za ta kama, har da labule. Kada ka sayar da su."

Jama'a, jarina ne kaf a cikin kwalayen nan. Kuma a gaban mutane ya faɗa. Sai na buɗe baki na gaya masa maganar da har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Na ce baƙin ciki yake yi, don kaya sun yi araha an daina kawo masa gyara. Na ce ya koma cikin gwangwanayensa ya bar masu neman abinci su nema.

Ya mayar da sukuru huɗun nan, ya ajiye fitilar a hankali, ya tsallaka. Wata biyu ba na gaishe shi. Shi kuwa kullum da safe sai ya ɗago hannu.

Na sayar da arba'in da bakwai.

Akwai wata mata mai ɗinki a bayan kasuwa, Maman 'Yan Biyu ake ce mata. Ta sayi ɗaya don ta riƙa ganin zare in an ɗauke wuta. Wata rana da azahar ta jona ta a caji a kan teburin keken ɗinki, kusa da yadin mutane, ta fita tsakar gida wanki. 'Yan biyun, lokacin ba su fi shekara biyu ba, suna barci a kan katifa a ɗakin. Aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi. Warin roba ne ya shigo da ita. Ta tarar fitila na ci, yadi na ci, labule ya kama. Ta fizge wayar da hannu, narkakkiyar roba ta manne mata a tafi, ta kwashi yara da hannun a haka ta yi waje. Maƙwabta suka kashe wutar da ruwan wankinta.

Washegari ta zo. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta ajiye abin da ya rage na fitilar a kan teburina, baƙi, a murɗe. Hannun dama a naɗe da bandeji. Ta ce, "Malam, da wannan hannun nake ciyar da su. Na zo in nuna maka ne kawai." Ta juya.

Ban iya ɗaga kai ba. Ina nan tsaye sai na ga ƙafafun Baba a gabana, da silifas ɗinsa mai ɗaurin waya. Na jira ya ce ai ya faɗa. Da ya faɗa ma da na ji sauƙi.

Sai ya ce, "Nawa ka sayar?"

"Arba'in da bakwai."

"Ɗaya ga ta nan. Saura arba'in da shida a ɗakunan mutane. Ka san su?"

"Wasu."

"To rufe teburin. Waɗanda ke kwali ka kawo shagona. Kai kuma ka shiga gari. Kada ka dawo mini da labari, fitila nake so."

Baba, kai ne mutumin da na zaga a gaban jama'a, ka tsallako titi ka ɗauki kayana a ka. Kai ne ka juye gwangwanayen da ka yi shekara talatin kana tarawa, ƙwaya-ƙwaya daga cikin matattun rediyo, ka zuba su a cikin fitilun wanda ya ce maka ɗan baƙin ciki. Na ga gwangwanin madarar nan na fis cike har baki. Na gan shi kuma ka kife shi kana bugun gindinsa.

Mako bakwai ya yi yana wannan aiki. Kowace fitila ya buɗe, ya cire guntuwar wayar, ya saka fis, ya cike ɗaya gidan, ya canja wayar caji da ta tsofaffin kaya mai jan ƙarfe na gaske. Wadda batirinta ya kumbura ya ware ta gefe ya sa guduma. In ya gama da fitila sai ya kifa ta, ya ɗora bakin ƙarfen liƙi a gindinta sau biyu, ɗigo biyu na ƙuna. Ya ce shi ne sa hannunsa, tunda bai iya na biro ba. Na kawo maganar ladan aiki, ya ce in kai wa mai ɗinki. Na kai. Sai da ta yi wata uku kafin ta iya riƙe almakashi, kuma har yau ɗan yatsanta ɗaya ba ya lanƙwasuwa.

Ni kuwa na shiga gari. Nan na gane ban san masu sayen kayana ba, aljihunsu kawai na sani. Na bi gida-gida ina sallama. Wani ya ba ni salin-alin. Wani ya ce dabara ce zan musanya masa da tsohuwa. Wata tsohuwa ta ce ba za ta bayar ba sai na bar mata agogona jingina, na bari. Wani mahauci ya biyo ni da zagi har bakin titi, na tsaya na shanye, don ya fi ni gaskiya. Mai shayi ya taimaka, duk wanda ya zauna a bencinsa sai ya tambaye shi ko yana da koriyar fitila mai zanen rana. Kullum da yamma in kawo abin da na samo, Baba ya ƙirga.

"Saura goma sha tara."

"Saura takwas."

"Saura uku."

Muka samo arba'in da biyar. Ta ƙarshen ta gagara.

Na tuna wanda ya saye ta. Baƙo ne, dogo, mai tabo a gira, da jaka a kafaɗa, yana sauri zai shiga mota. Bai ma yi ciniki ba. Ya ce, "Ba ni mai haske sosai, tsohuwata zan kai wa. Ba ta son duhu." Ban tambaye shi garinsu ba. Me zai sa in tambaya? Na je tasha na yi cigiya wajen direbobi har suka gaji da ni. Babu wanda ya san shi.

Tun daga ranar gaisuwarmu ta canja. In na ce, "Baba, ina kwana?" sai ya ce, "Lafiya lau. Saura ɗaya." Shekara goma sha ɗaya. Ranar da aka haifa mini ɗa ya zo barka, ya yi addu'a, zai fita ya rage murya ya ce, "Saura ɗaya." Wata rana abin ya ishe ni.

Na ce, "Haba Baba! Fitilar nan batirinta ya mutu tuntuni. An jefar da ita a bola."

"Ka gani da idonka?"

"Ban gani ba, amma hankali ma ai ya ba ka."

"Ka san tsofaffi kuwa? Abin da ɗa ya kawo musu ba sa jefarwa. Tana nan a ƙasan akwati ko a bayan kwalla. Wata rana jika zai ciro ya ce bari a gwada. Kuma mai mataccen batir ta fi saurin kamawa da wuta, don wutar ba ta da inda za ta zauna." Ya kalle ni ta saman tabarau. "Ba don in tsokane ka nake faɗa ba. Don kada mu manta ne, ni da kai."

Ni da kai, ya ce. Shi da bai sayar da ko ɗaya ba.

A shekarun nan na ga aikinsa yana ja baya a kan idona. Kayan yanzu ba a yi su don a buɗe ba. Babu sukuru, gam ne. In ka fasa ka shiga, sai ka tarar da ɗigon baƙin abu kamar kwalta a tsakiyar allo, duk dabarar tana ƙarƙashinsa, ba a cirewa, ba a gyarawa. Mutum zai kawo, Baba ya ce, "Kuɗin gyaran ya fi na sabo. Je wajen Sarkin Araha, amma ka ce ya ba ka wanda na buɗe." Bai taɓa kuka da zamani ba. Ni ne ma nake jin abin a raina, in na hango shi zaune, ƙarfe ya yi zafi, babu marar lafiya.

Ranar da zai rufe, 'yarsa ta zo da mota tun da hantsi. Ya raba kayan. Mitar ya ba wani mai gyaran waya a ƙarshen layi. Tsohon rediyon katako da ke saman kanta ya ba mai shayi, ya ce ya daina damun mutane da nasa mai muryar agwagwa. Maman 'Yan Biyu ta zo da yaran, sun zama 'yan mata, ta kawo masa riga ɗinkin hannunta. Ya shafa wuyan rigar ya ce, "Ɗinkin ya fi na da." Ta ce, "Ai Baba ba ka gani." Ya ce, "Shi ya sa na ce ya fi."

Da aka watse sai ya kira ni. "Sarkin Araha, zo zauna nan."

Na zauna a kujerarsa, karo na farko a rayuwata. Ya ciro wata koriyar fitila daga ƙarƙashin tebur, cikin waɗanda ya ware tun wancan lokacin, amma ita bai sa mata guduma ba, batir kawai ya cire mata ya ajiye ta. Ya miƙo mini sukudireba.

"Buɗe."

Na buɗe.

"Nuna mini gidan fis. Ni ba na gani, kai za ka gani."

Na nuna, ya laluba da yatsa ya ce nan ne. Ya sa na riƙe ƙarfen liƙi. Na ɗora dalma ta zube a tebur. Na sake, na ƙona yatsa, na yi ashar.

Mai shayi ya leƙo ya ce, "Baba, wannan ɗalibin naka ai ya tsufa da koyo."

Baba ya ce, "Bar shi. Kan ne da tauri, hannun da dama-dama."

Sai a karo na biyar ya ja ƙwayar da farce, ta ƙi fita. Ya ce, "Ta kama." Sannan ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro kwalin ashana. A ciki akwai fis ɗaya, da ƙwaya ɗaya, da 'yar waya a naɗe. Ya ce tun ranar da muka tsaya a arba'in da biyar ya ware su, kullum suna aljihunsa.

"Na so in saka da hannuna. Allah bai yi ba. In ta zo, ka san yadda ake yi. Ɗigo biyu a gindi, kada ka manta."

Ni ba mai kuka ba ne. Hayaƙin dalma ne ya shiga mini ido, kuma duk wanda ya ce ba haka ba ne ya zo ya same ni.

Baba Mai Dalma, mai ganin cikin kaya kafin ya ga kwalinsu, na gode. Na gode a madadin gidaje arba'in da biyar da suka kwana lafiya ba su san da kai ba, da ɗari biyu da wani abu da suka sayi fitila mai ɗigo biyu suna tsammanin tabon kamfani ne. Ka rufa mini asiri ranar da na cancanci tonawa. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya sa hutun nan ya karɓe ka, ko da yake 'yarka ta ce tun ranar farko ka kwance mata fanka.

Ku kuma 'yan uwana masu tebur, ba wa'azi zan yi muku ba, ban kai ba. Araha ba laifi ba ce, da ita talaka yake ganin haske, da ita muke ci. Amma sukudireba ba ta da tsada. Kafin ka ɗauki kwali ɗari, buɗe ɗaya. In ba ka gane abin da ka gani ba, akwai irin Baba a kowane layi, zaune a lungu, ba mai kula shi. Kai masa. In ya gaya maka abin da ba ka so, kada ka yi irin nawa.

Sai roƙo ɗaya. Duk wanda wannan rubutu ya isa gare shi, in ka je gidan tsohuwarka ko kakarka, duba mini bayan kwalla da ƙasan akwati. Koriyar fitila ce, mai hannu a sama, da zanen rana a gaba. Kifa ta. In ka ga ɗigo biyu na ƙuna, ta bi ta hannun Baba. In babu, don Allah kada ka jona ta a wuta. Ka tambayi teburin Sarkin Araha a layin 'yan kayan lantarki, mai kallon rufaffen shago. Kwalin ashanar yana aljihuna, ƙarfen liƙi kuma ina jona shi kowace safiya.

Jiya na je gaishe shi. Yana zaune a inuwa, sabuwar rigar a jikinsa. Tun kafin in yi sallama ya gane takuna. Na ce, "Baba, ina wuni?" Ya buɗe baki, na riga shi.

Na ce, "Na sani. Saura ɗaya."